Tsaftarmu Iyakarta Bakin Zaure

Duk wanda ya ce mu ƙazamai ne bai san mu ba. Ina aka taɓa ganin ƙazamin da ke wanke fuska da hannu da ƙafa sau biyar a yini? Mu ne fa waɗanda ko tasha muka sauka, kafin mu tambayi mai abinci sai mun tambayi inda buta take. Mu ne masu asuwaki tun man goge baki bai zo kanti ba. Matanmu tun assalatu suke duƙe da tsintsiya, kafin rana ta fito tsakar gida ta yi fes, ko tsinke ba ka gani. Leƙa ɗakin amarya a kowane ƙauye ka ga jere yana ɗaukar ido, turaren wuta na tashi, gado a gyare ba mai zama a kai. Ranar Juma'a kuwa ba a magana, farar riga ta sha bula, hula ta sha kari, kowa na ƙamshi har da mai rigar aro.

To amma tunda mu ya mu ne, ba baƙo a cikinmu, bari mu faɗa wa juna gaskiya, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Tsaftar nan tamu iyakarta bakin zaure. Sharar da Inna ta tara da asuba ina take kwana? A zuba ta a tsohon kwando a miƙa wa yaro a ce maza je ka zubar, ba wanda ya ce masa ga inda za shi, shi kuwa ya fita ya duba gabas ya duba yamma ya juye ta a gindin katangar maƙwabci ya dawo da gudu, a daidai lokacin ɗan maƙwabcin yana can ta baya yana juye tasu a gindin tamu, an yi canjaras ke nan. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa mun huda masa rariya ya fita lungu, da zarar ya ƙetare bangonmu ya tashi daga namu ya zama na gwamnati. Sai ka ga dattijo ya fito cikin babbar riga ya tattare ta har gwiwa, ya tsallake kwatamin ƙofar gidansa yana tsaki yana cewa mutanen unguwar nan ba su da tsafta, alhali ruwan da ya tsallake nasa ne, har da na alwalarsa a ciki. Laifi tudu ne, kuma duk mun iya taka namu mu hango na wani.

Zo mu je wajen cin tuwo. Za a kawo ruwan wanke hannu a kwano ɗaya, Baba ya fara tsomawa, Kawu ya bi, sai Yaya babba, sai mai bi masa, haka kwanon zai yi ta zagayawa bisa girma da ladabi, kafin ya iso wurin auta ruwan ya koma kamar kunun kanwa, shi ma ya tsoma ya yarfe ya ce bismillahi. Ladabin ya yi kyau, ba mai kushe shi, sai dai abin da ke hannun mutum bakwai duk ya tattaru a hannun mafi ƙanƙanta, wanda cikinsa ya fi na kowa rauni. Sabulu kuwa muna da shi, amma sai an gama ci ake neman sa, don kada ƙarnin kifi ko man miya ya ɓata mana riga. Kafin ci ba mai tuna shi, bayan fitowa daga bayi ma haka, buta ta wadatar. In ka ce a ajiye ɗan guntun sabulu a bakin masai sai uwargida ta ce yara za su jiƙa shi, akuya za ta cinye, ɓera zai ja, kuma duk gaskiya ta faɗa, amma toka fa? Ga ta nan a murhu kullum safe ana kwashewa ana zubarwa, ba ko sisi, kuma ma'aikatan lafiya sun daɗe suna cewa inda ba sabulu a cuɗa hannu da ita.

Randa ma tana da nata labarin. Mun wanke ta, mun turara ta, mun rufe da faifai, ruwa ya yi sanyi da ƙamshi, sai kuma muka ɗora mata moɗa guda ɗaya tak wadda gida duka ke sha da ita, har da mai tari, har da baƙon da ya shigo gaisuwa, har da yaron da ya taso daga wasan ƙasa ya zurma hannu har wuyan hannu. In ta faɗi ƙasa a ɗauka a hure ta a mayar ciki. A bakin rijiya kuma kowa da gugansa, ya ja ruwa ya yar da igiyar a cikin caɓin da shanu suka tattake, in an jima ya sake zura ta. Ana cewa rijiya ta bayar guga ya hana, to a wurinmu rijiya na bayar da mai kyau, gugan ne ke kai mata abin da ba ta nema ba.

Akwai kuma wata magana da kakanninmu suka bar mana wadda ya kamata mu mayar musu da abarsu, wai kashin yaro ba komai ba ne, ai nono ne kawai. Da wannan fatawar ake wanke wa jariri a tsakar gida a watsa ruwan gindin bishiya, a juye fo a kan juji, ko a bar wa kaji su yi maganinsa, su kuma kajin su gama su hau kan tabarmar da aka shanya gari. Yaro ya kama gudawa a ce haƙori yake fitarwa. Ƙaninsa ya kama, wanda ko alamar haƙori babu, a ce zafi ne. Yayarsu mai shekara bakwai ta kama, a ce ta ci ɗanyen mangwaro. Kowa da dalilinsa, ƙuda ne kaɗai ba a taɓa kai ƙararsa ba. Nan kam ba wurin dariya ba ne, don gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar nan, kuma ba unguwar da ba ta san gidan da aka yi irin wannan rashin ba.

Wani zai ce ai mu muna da masai, kuma bai yi ƙarya ba. Tun zamanin kakanni maginin gidan Bahaushe ba ya gamawa sai ya ware lungun salga. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a Najeriya, kuma shiyyar arewa maso yamma ce ta fi ƙarancin masu yin haka, arewa ta tsakiya ce kan gaba. Kafin mu fara buga ƙirji, a wannan shekarar dai aka yi annobar amai da gudawa da ta kama mutum sama da dubu 100 ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin da suka fi jin jiki su ne Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara. Ruwa ba ya tsami banza. Ramin yana nan, amma bakinsa a buɗe, ƙudaje na shiga suna fita yadda suka ga dama. Ramin yana nan, amma taku goma ne tsakaninsa da rijiyar gida, alhali masana na cewa a bar aƙalla mita 30. Ramin yana nan a gida, amma mu ba a gida muke wuni ba.

Ranar kasuwa mutum dubbai za su taru daga ƙauyuka ashirin, a ci tsire a sha fura a sha rake tun hantsi har magariba, kasuwar na da rumfar mahauta da ta masu hatsi da kara na dabbobi da sarkin kasuwa mai karɓar haraji, ba ta da wurin zagayawa, to ina kake zato ake zuwa? Bayan rumfunan ƙarshe, inda iska ke kaɗowa ta kan masu ƙosai. Mukan haɗa kuɗi mu gina masallaci mu shimfiɗa masa tayil mu ɗora lasifika huɗu kowace kusurwa da tata, bayi kuwa a ce sai Allah ya hore. Malam na da almajirai fal zaure, gari na alfahari da karatunsu yana ba su sadakar tuwo, ba wanda ya taɓa tambaya da asuba ina yaran nan suke nufa, sai dai in an taka a zage su. Mai gida zai yi sabon aure, an yi lefe akwati-akwati, an gina wa amarya ɗaki da siminti har da silin, bayi kuma tsohon zana ne da iska ta kwantar da rabinsa. Ga kuma Baba wanda yana da masai lafiyayye a gida, amma ya fi son ya riƙe har sai ya kama hanyar gona, wai iskar daji ta fi daɗi, kuma gonar ma ta samu taki. Alhali ko yaron da ke makarantar Islamiyya ya san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana biyan buƙata a kan hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu.

Kunya ma ta saka hannu. Ba a son suruki ya ga mutum ya ɗauki buta ya nufi lungu, ba a son ɗan fari ya ji motsi, ba a ta da zancen a zaure gaban manya. A gidan da ba masai kuwa mata ne ke biyan kuɗin kunyar nan, su rage ci su rage sha su daure tun safe har duhu ya rufa, sannan su fita bayan gari ƙungiya-ƙungiya, ga maciji ga kunama, ga kuma halin da dazuzzukanmu suke ciki yanzu wanda ba sai an faɗa ba. Mai gidan da ke taƙama matarsa ko ƙofar zaure ba ta leƙawa, ya kamata ya tambayi kansa ina take zuwa bayan isha'i.

Abin mamaki, kunyar nan dai ita aka juya ta zama magani. Da can gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sukan zo su gina wa ƙauye masai kyauta su ɗauki hoto su tafi, in sun dawo su tarar an zuba albasa a ciki ko an mayar da shi akurkin kaji. Wani Ba'indiye mai suna Kamal Kar ne ya gwada wata dabara dabam a wani ƙauye na yankin Rajshahi a Bangaladash wajen shekarar 2000, ta bazu har ta iso mu, ta iso 'yan'uwanmu na Nijar. Duk wanda aka taɓa yin ta a garinsu ba zai manta ranar ba. Baƙi za su zo su gai da mai gari su ce a zagaya da su su ga gari, mu kuwa mu nufi da su sabuwar makaranta da masallacin Juma'a, su ce a'a, can bayan gari suke son gani, inda ake zuwa da sassafe. A tafi ana noƙewa, su tsaya a tsakiyar wurin ba su toshe hanci ba, ba su kuma yi wa kowa faɗa ba, sai tambaya, wannan na yau ne ko na jiya, ta wannan hanyar 'yan wace unguwa ke biyowa, in an yi ruwa ina yake gangarawa? Dattawa na kallon sama, samari na sosa ƙeya, yara kuwa da ba su san rufin asiri ba suna ta nuni da yatsa suna ba da amsa dalla-dalla.

A dawo dandali a zana taswirar gari a ƙasa, ga masallaci ga rijiya ga kududdufi, kowa ya sa dutse a gidansa, sannan a ba shi toka ko garin bulo ya barbaɗa a inda yake zuwa in ta matse shi, cikin dare, ko da ruwan sama, ko ran da ciki ya ɓaci, kafin a farga taswirar ta rufe ruf har bakin rijiya. A yi lissafi da bakin mutanen gari, gida kaza, mutum kaza, kwana kaza, a mayar da shi buhu-buhu ko amalanke-amalanke a shekara, a ce to ina duk wannan yake tafiya? Sai a ajiye kwanon abinci a gefe, a ajiye abin da aka ɗebo daga bayan gari a ɗaya gefen, a yi shiru a bar ƙudaje su yi bayani. A kawo ruwa mai sanyi a ba wani ya sha, a ɗauki silin gashi ɗaya a taɓa abin a tsoma a ruwan a sake miƙa masa, ruwan garau ba abin da ya canza a ido, amma ya kau da kai, a ce masa to ƙuda ƙafa shida gare shi. A nan ne wata tsohuwa, don galibi tsofaffin mata ne ba sa jin nauyin kowa, za ta tafa hannu ta yi salati ta ce ashe dai kashin juna muke ci.

Mu da halinmu, tambayar farko ita ce, to me za a ba mu? Su ce ba siminti, ba kwano, ba kuɗi, gari naku ne. A yi guna-guni a watse. Amma maganar tsohuwar nan ta riga ta shiga, ranar ba mai cin tuwon dare da daɗi. Kuma abin da dabarar ta gano game da mu shi ne, ba ma son a bar mu a baya. Da maƙwabci ya fara haƙa, uwargida za ta fara yi wa mai gida waƙar gidan su wane har sun rufe nasu. Liman ya sako zancen a huɗuba, mai unguwa ya bi gida-gida da sandarsa, a kafa kwamitin ruwa da tsafta a sa mata a ciki, a rataye jarka da igiya da ɗan itacen takawa a bakin bayi don wanke hannu ba tare da an taɓa ta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun san wannan tun a gayyar noma da ta yaɓen ɗaki, ba a dai taɓa ce mana masai ma aikin gayya ba ne, tunda gida ɗaya in ya rage, ƙudan gidan nan na gari duka ne.

Da irin wannan bin gari-gari ne Jigawa ta kai inda ta kai. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana ta jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, ƙananan hukumominta 27 duka. Gwamnatin tarayya tun a Nuwamba 2019 ta kafa doka ta sa 2025 wa'adin ƙasa baki ɗaya, wa'adin da ba a cimma ba, amma ga jihar da ake yi wa kallon ta manoma da ƙauyawa ta riga masu dogayen benaye. Wanda kuma yake ganin ba ma iya sauya hali, a tuna masa da kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita sama da dubu 650 a Najeriya, damina ta yi manomi na kwance ana naɗe tsutsa a tsinke daga ƙafarsa. Ba allura, ba ƙwaya, tace ruwa da ƙyalle ne da hana mai ciwon shiga tafki da haƙa rijiyoyi, Janar Yakubu Gowon na bin ƙauyuka yana roƙon mutane, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Yaran yanzu sai dai a ba su labari.

Sai dai mu ɗin dai mu ne, gwanayen ganin ido. Tun zamanin En'e, in aka ce ga duba-gari nan, kan ka ce kwabo an zubar da ruwan tsohuwar randa an kife ta, an share lungu, an rufe masai da murfin tukunya, yana ba da baya a ɗauke murfin a mayar kan miya. Zamanin soja na Buhari da Idiagbon aka zo da sharar ƙarshen wata, har yau in ranar ta zo mukan kwashe kwata mu tara a bakinta mu bar shi nan, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Yanzu ma in aka ji masu tantance garuruwan da suka rabu da bahaya a fili za su zo, gari ya yi tsaf, a kafa allo a bakin hanya, a yi kiɗa a karɓi takarda. Bayan nan sai ka ga sabon bayin makaranta da kwaɗo, mabuɗin na aljihun wani wanda ya tafi taro, yara na bayan aji. Sai ka ga mai gida ya gina na zamani ya kulle, wai na baƙi ne. Burtsatse ta lalace saboda ɗan ƙarfen da kuɗinsa bai kai na buhun masara ba, kwamiti ya bi gida-gida kowa ya ce sai an sayar da wake, a koma kududdufi ana jiran shekarar zaɓe.

Kuma ba duka ne laifinmu ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ƙasarmu a wurare da yawa rairayi ce, ramin da aka haƙa da rani aka rufe da itace da ƙasa damina ɗaya ke rusa shi, balle garuruwan bakin kogin Haɗeja da ambaliya ke shafewa, inda mutum ke rasa ɗakin kwana ma, wa zai yi masa zancen bayi? Masu hali sukan sa a zagaye ramin da bulo ko zoben siminti a ɗora silab mai murfi, marasa hali su jera tsofaffin tayoyi ko su zura gangar da aka fasa gindinta, kuma yana riƙewa. Wanda ke faɗuwa bai tashi ba shi ne na gidan gwauruwa mai marayu, da na tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, da na makahon ƙarshen layi, su ba za su fito su ce namu ya rufta ba, mu kuma ba ma leƙawa, sai dai mu ga sawu ya sake bayyana a tsohuwar hanyar bayan gari mu ce wane ne wannan mara kunya.

Nasu ne ya kamata mai unguwa ya rubuta a takarda tun kaka, lokacin da ƙasa ta bushe, hannu ya huta da gona, aljihu kuma bai riga ya huje ba. Samari za su zo, ba su taɓa ƙin gayya ba in an kira su da girmamawa, amma fa tambayarsu ta farko wa zai dama kunu, ta biyu akwai ƙosai ko babu, don haka a shirya wannan tukuna. Diga da shebur kuma a aro su tun da dare, don mai su ranar kasuwa ba ya wuni a gida, matarsa kuwa ba ta ba da kayansa in ba ya nan.